Jan Kirtanin Ofis

 

Zancenmu na yau a kan wani karin magana ne na Turawan Ingila, wanda duk mai sauraron labaran duniya da Ingilishi, ko mai karanta jaridun Legas, ko wanda ya taɓa jin wani minista yana alkawarin gyara aikin gwamnati, lalle ya taɓa cin karo da shi, ko da bai tsaya ya tambayi inda aka samo shi ba. Kalmomi biyu ne kacal: red tape. Ma'anarsu a zahiri, jan kirtani. Ja na launi nake nufi, ba jan guga ba.

To, bari mu fara da ma'ana. Idan Bature ya ce jan kirtani ne ya riƙe shi, ba yana nufin ya makara wajen tashi daga barci ba, ba kuwa mota ce ta mutu masa a hanya ba. Wannan duk jinkiri ne, amma suna da nasu sunayen. Abin da yake nufi shi ne irin jinkirin nan na ofis, inda ba a hana mutum haƙƙinsa ba, ba a kuma ba shi ba, sai dai takardarsa tana jiran sa hannu, mai sa hannun yana jiran kwamiti, kwamitin kuwa yana jiran wata takardar da ba za a rubuta ta ba sai an ga ta farkon. Jinkiri ne mai hujja. Duk wanda ka tambaya zai nuna maka ƙa'idar da ta ɗaure hannunsa, kuma in ka duba sai ka tarar ƙa'idar tana nan a rubuce. Ba wanda ya yi maka ƙarya, amma ba wanda ya biya maka bukata.

Malaman balaga suna kiran irin wannan magana majazi, wato a ambaci abu da sunan wani abin da ke tattare da shi. Mu ma muna yi. In an ce wane ya sami rawani, kowa ya san ba ƙyalle ake taya shi murnar samu ba. Haka Turawa suka ɗauki sunan kirtanin da ke jikin takarda suka laƙaba wa dukan wahalar da ke biyo bayan takarda.

Yanzu sai mu juya ga asali. Shin akwai kirtanin da gaske? Ƙwarai kuwa, akwai shi. Kada jin kalmar tef ya sa wani ya zaci salatif ne irin na manne kwali, domin wancan sai a ƙarni na 20 aka ƙirƙiro shi. Wannan wani siririn saƙi ne na auduga ko lilin, faɗinsa bai kai na ɗan yatsa ba, launinsa tsakanin ja da ruwan hoda. A zamanin da babu ƙarfen maƙale takardu, babu kabad mai aljihuna, babu fayil irin wanda muka sani, idan akawun lauya a birnin Landan ya gama kwafe takardun wata shari'a, sai ya jera su, ya ninke su a tsaye, ya rubuta sunan masu ƙara a bayan ta waje, sa'an nan ya zagaya su da wannan kirtani ya ƙulle, ya ɗora a kan kanta tare da 'yan uwansu. Tun a ƙarni na 17 ana samun ambaton ƙunshin takardu ɗaure da jan kirtani a rubuce-rubucen Ingilishi, kuma a lokacin ba zagi ba ne, sunan kayan aiki ne kawai, kamar tawada da alƙalami. Har yanzu ma, manyan lauyoyin Ingila da ke tsayawa gaban alƙali ba su yar da al'adar ɗaure takardun shari'a da kirtani mai ruwan hoda ba.

Ku riƙe wannan, masu sauraro, domin a kansa zancenmu zai tafi: an yi kirtanin ne don a ɗaure takarda, ba don a ɗaure mutum ba.

Akwai wani labari da ake yawan kawowa idan ana batun asalin maganar, ya kamata mu taɓa shi. Sarkin Ingila Henry na Takwas ya so Paparoma Clement na Bakwai ya warware aurensa da Sarauniya Catherine. Paparoma kuwa yana tsaka mai wuya, domin Catherine ƙanwar mahaifiyar Sarki Charles na Biyar ce, wanda sojojinsa suka wawashe birnin Rum a 1527. Sai ya shiga jan ƙafa, yau a kafa kotu a Landan, gobe a ɗage zama, jibi a mayar da shari'ar Rum. A 1530 manyan Ingila suka haɗu suka aika masa da wata babbar wasiƙa, hatimi fiye da 80 suna reto a ƙasanta a jikin jan siliki, kuma tana nan ajiye a taskar Fadar Batikan. Ba ta yi amfani ba. Ƙarshenta, a 1534 Ingila ta raba gari da Rum. Labari ne mai daɗi, amma ni a ganina an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Jinkirin Paparoma na siyasa ne da tsoron mai ƙarfi, silikin kuwa hatimi yake riƙe da shi. Karin maganar ba daga fadar sarakuna ya fito ba, daga kantar akawu ya fito, daga bakin mutanen da suka gaji da zaman benci suna kallon ƙunshinsu yana shan ƙura.

To, yaushe sunan kayan aiki ya koma abin zargi? A hankali abin ya faru, amma a ƙarni na 19 ne ya game gari, lokacin da mulkin Birtaniya ya faɗaɗa, ofisoshi suka yawaita, takardu suka ninka. A 1850 marubucin nan Thomas Carlyle, mutum mai zafin alƙalami, ya fitar da wasu maƙaloli inda ya caccaki ma'aikatun gwamnati, ya mai da jan kirtani take na dukan lalacewarsu. Amma ba alƙalamin Carlyle ne ya kafa maganar a zukatan talakawa ba. Gawawwaki ne suka kafa ta. Ga inda zancen ya yi nauyi, sai ku ƙara kasa kunne.

A 1854 Birtaniya da Faransa suka shiga yaƙi da Rasha, suna goyon bayan Daular Usmaniyya ta Turkawa. Shi ne Yaƙin Kirimiya. Sojojin Ingila suka kafa sansani a kan tudu suna kewaye da birnin Sebastopol, kayan abincinsu da na sawa kuwa ana sauke su a wata 'yar matsatstsiyar tashar jirgin ruwa mai suna Balaklaba, tafiyar da ba ta kai mil goma ba. Ranar 14 ga Nuwamba wata guguwa ta taso ta nutsar da jirage da dama, ciki har da wanda ke ɗauke da kayan sanyin rundunar. Hunturu ya sauko. Hanya ta zama taɓo, dawaki suka yi ta mutuwa. Wannan dai ƙaddara ce, ba wanda zai zargi akawu da saukar da ƙanƙara. Amma ku ji abin da ya biyo baya.

Wata cuta ta kama sojojin, irin wadda rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace ke kawowa: dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su girgiɗe, tsohon miki ya buɗe, ƙarfi ya ƙare. Maganinta ba ɓoyayye ba ne, domin tun 1795 sojojin ruwan Ingila ke shan ruwan lemun tsami don kare kansu daga gare ta. An kuwa aiko da shi. A watan Disamba na 1854 akwatunan ruwan lemun tsami suka iso Balaklaba, aka sauke, aka ƙirga, aka shigar a littafi, aka jibge a sito. Suna nan ba a taɓa su ba har watan Fabrairu na 1855. Me ya sa? Saboda ba ya cikin jerin abincin da doka ta ce a riƙa raba wa soja, kuma ba a sami wanda ya ba da umarnin a fitar ba. Magani yana ƙasan tudu a kulle, masu ciwo suna bisa tudu suna mutuwa, tsakaninsu babu teku, babu abokan gaba, sai layi ɗaya da ba a rubuta ba.

Ba shi ke nan ba. An raba wa sojojin nan gahawa ɗanya, ba a soya ba, ba a niƙa ba, alhali mutum yana cikin rami jiƙe sharkaf, ba shi da itacen hura wuta balle turmi. A can asibitin Iskutari kuma, daura da Istanbul, inda Florence Nightingale ta isa da mata 38 masu jinya a farkon Nuwamba, marubuta tarihinta sun ruwaito cewa dubban riguna sun iso daga Ingila, majinyata suna kwance cikin tsumma suna rawar ɗari, amma jami'in sito ya ce ba zai kwance ɗaurin ba sai kwamiti ya zauna ya duba. Sai da aka yi mako uku. Ita kuwa baiwar Allah, da ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ta riƙa aikawa kasuwannin Istanbul ana sayo sabulu da tufafi da kwanoni da kuɗin gudummawar da masu karanta jaridar Times suka tara. A wannan yaƙi, sojojin Ingila da cuta ta kashe sun ninka waɗanda harsashi ya kashe.

Tambayar da ta kamata mu yi ita ce: shin mutanen sito mugaye ne? Shin suna jin daɗin mutuwar 'yan uwansu? A'a. Galibinsu mutane ne masu riƙon amana, har ma amanar ce ta yi musu yawa. Sashen ciyar da sojoji a farkon yaƙin a ƙarƙashin Baitulmali yake, kuma shekara arba'in ta zaman lafiya ta horar da ma'aikatansa a kan abu guda: kada kwabo ya fita ba da takarda ba. Jami'in da ya fitar da kaya ba bisa ƙa'ida ba yana iya biya daga aljihunsa, wanda kuwa ya bar kayan suka ruɓe a sito, littafinsa ya daidaita, ba mai tuhumarsa. Idan aka gina tsari a kan cewa kuskuren aikatawa yana da hukunci amma kuskuren ƙin aikatawa ba shi da shi, to, kowane mai hankali zai zaɓi ya naɗe hannu, ya jira na sama da shi, wanda shi ma nasa na saman yake jira. Wannan ita ce illar a taƙaice. Tsoro ne ya sa rigar ƙa'ida.

Da wasiƙun William Howard Russell, wakilin Times a fagen daga, suka isa gida, sai ƙasa ta ɗauki zafi. A ƙarshen Janairun 1855 majalisa ta kaɗa ƙuri'ar a yi bincike, gwamnatin Lord Aberdeen ta faɗi. Daga nan jan kirtani ya shiga bakin kowa, daga ɗan majalisa har mai tura baro.

Wanda ya ƙarasa aikin shi ne Charles Dickens. Shi kuwa ya san abin daga ciki da waje, domin mahaifinsa akawun gwamnati ne da aka taɓa ɗaurewa saboda bashi a 1824, shi kansa kuma yana ɗan shekara goma sha biyar ya yi aikin ƙaramin akawu a ofishin lauyoyi. A cikin littafinsa Little Dorrit, wanda ya fara fitowa kashi-kashi a Disambar 1855, ya ƙaga wata ma'aikata da za mu iya kira Ofishin Kewaye-kewaye, wadda duk wata harkar gwamnati sai ta bi ta cikinta, gwanintarta kuwa ita ce gano hanyar da ba za a yi abu ba. Wani dangi guda ne ya mamaye kujerunta, Dickens kuma ya ba su sunan wata halittar ruwa mai maƙalewa a gindin jirgi ta rage masa gudu. Mutum ya shiga da tambaya ɗaya, a tura shi ɗaki na gaba, a ba shi fom, a ce ya rubuto, a ce ya dawo. Mutane suka yi dariya, amma dariyar da ta fi kuka ciwo, domin kaburburan Kirimiya ba su bushe ba tukuna.

Yanzu kuma, masu sauraro, adalci ya wajaba, sai mu waiwayi ɗaya ɓangaren. Kowane sabon shugaba a Ingila ko Amurka yakan zo da almakashi a baki, yana cewa zai datse jan kirtani. Amurka ta yi dokar rage yawan takardu a 1980, gwamnatin David Cameron ta ƙaddamar da nata yunƙurin a 2011. Amma ba a taɓa jin an rufe ofis an ce daga yau a riƙa raba dukiyar jama'a da baki ba. Wani masani Ba'amurke, Herbert Kaufman, ya rubuta littafi a kan wannan mas'ala a 1977, inda ya nuna cewa ƙa'idar da wani ke gani tarnaƙi, ita ce garkuwar wani. Ɗan kasuwa yana ƙorafin binciken magani kafin a sayar, uwar da za ta ba ɗanta maganin kuwa ba ta ƙorafi. Gaskiya ya faɗa. Ƙasar da babu takarda ba ta sauri ba ce, ƙasa ce ta wa ka sani.

Mu Musulmi ma ba baƙi ba ne ga wannan. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, shi ya kafa diwani don a rubuta sunayen masu haƙƙi a Baitulmali, kada a manta da wani, kada wani ya karɓa sau biyu. Rubutu da hatimi da shaida duk maslaha ce. Amma shari'ar da ta yi umarni da rubutun, ita ce kuma ta kira jan ƙafar mawadaci wajen biyan bashi zalunci. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa jinkirta biyan bashi da rufe ƙofa ga mabukata cikin ɗabi'un mulkin zalunci. Ashe ke nan malamanmu sun rarrabe tsakanin tsanaki, wanda abin yabo ne, da jinkirta haƙƙi, wanda abin zargi ne, ko da yake daga nesa sun yi kama, domin dukansu mutum ne zaune bai ce komai ba tukuna. Bambancin yana ga abin da ake jira. Mai tsanaki yana jiran hujja ta bayyana. Mai jan ƙafa hujja tana gabansa, yana jiran nauyin ya koma wuyan wani.

Manomi yakan ɗaure damin gero don kada ya watse a hanyar rumbu, amma ba a taɓa jin gidan da aka kwana da yunwa don maigida yana jin nauyin kwance igiyar ba. An yi kirtanin ne don a ɗaure takarda, ba don a ɗaure mutum ba.

Daga nan sai mu matso gida kaɗan, domin kirtanin bai tsaya a Ingila ba, ya bi tutarsu duk inda ta je. A Indiya, har a harshen Hindi suna da kalma guda mai nufin mulkin jan kirtani. Mu kuma ya iso mana tare da razdan da di'o, ya zauna a Zungeru, ya ƙaura Kaduna, kuma da Turawa suka tattara nasu ya nasu a 1960, sun bar mana rajista da fayil da masinja. Duk wanda ya taɓa bin takardar fansho ko ta fili ya san yaren wurin. Oga bai zauna ba. Fayil ya hau sama. Fayil bai sauko ba. A dawo ranar Litinin. Akwai ma wasu haruffa uku da ake rubutawa a gefen takarda, K.I.V., ma'anarsu a ajiye amma a sa ido, sai dai sau da yawa ajiyar ake yi, idon yana wani wuri. Tsoho ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota, ya zo ya yini a kan benci da ambulan ɗinsa cikin leda don kada gumi ya jiƙa ta, ana ta gafara sa, bai ga ƙaho ba. Abin da muka ƙara a kan gadon Turawa, kuma ba abin alfahari ba ne, shi ne a wasu wuraren ƙullin yana da farashi: wanda ya ba da na goro, nan take sai a ga fayil ya yi ƙafa. Akawun Balaklaba tsoro ne ya hana shi kwancewa, wannan kuwa kwaɗayi ne ya sa shi ƙara ƙulli, kuma ba na jin hukuncinsu ɗaya ne.

Wani zai ce ai yanzu zamanin kwamfuta ne, kirtani ya zama tarihi. Kirtanin dai ya tafi. Amma wanda aka ce wa babu netwok, ya dawo gobe, ya san karin maganar bai tsufa ba.

Kafin mu rufe, ga 'yar magana gare ku. Ku da ke bin takarda, kada ku bar ofis da a dawo gobe kawai. Ku nemi lambar fayil ɗinku cikin ladabi, ku tambayi teburin da yake kai da ranar da ya isa can, ku rubuta, ku kuma riƙe kwafin duk abin da kuka miƙa, domin fayil ɗin da mai shi ya san inda yake ya fi wuyar ɓata. Ku kuma 'yan uwanmu ma'aikata da ke saurarenmu a daren nan, mun san albashi ba ya isa, mun san na sama ba ya yafe kuskure. Amma gobe in Allah ya kai mu, idan kuka zauna, ku ciro na can ƙasan tulin, wanda ya fi daɗewa, ku duba ko abin da yake jira yana hannunku.